Malam Aminu Kano, Ɗan Gidan Alƙalai Da Ya Tsaya Wa Mutanen Gidan Wakafi

Akwai wani tashin hankali wanda kusan kowace unguwa a Karaye da Rogo ta san shi. Ana zaune lafiya, wataƙila ma tuwo na bisa wuta, sai yaro ya shigo a guje ya ce an tafi da maigida, ko an kama Yaya a kasuwa. Ko dai rikicin iyakar gona ne, ko bashin taki, ko shanu sun shiga rake an yi faɗa. Daga wannan sa'a mace ba ta da sauran barci. Ita za ta dafa abincin da za a kai masa, ita za ta sayar da akuyarta ko kwanonin jerenta, ita ce kuma za ta bi gida gida tana neman namijin da zai je ya yi beli, domin an gaya mata wai mace ba ta tsayawa beli.

To, wannan magana ta ƙarshe ba haka take a doka ba, zan kuwa zo kanta nan gaba. Amma tukuna ina so in ba ku tarihin mutumin da ya fi kowa ɗaga murya a ƙasar Kano a kan kama talaka a kulle ba bisa ƙa'ida ba, watau marigayi Malam Aminu Kano. Ku 'yan makaranta kun san sunansa a jikin filin jirgin sama da babban asibitin koyarwa na Kano. Kakanninku kuwa sun san shi ta wata hanya dabam, don da yawansu sun kai tuwo gidan yari saboda mazansu sun bi shi.

An haife shi ran 9 ga Agusta 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Gidansu na Fulani Gyanawa ne, waɗanda aka sani da malanta da alƙalanci tun kaka da kakanni. Mahaifinsa Malam Yusufu mufti ne a kotun alƙali, watau malamin da ke zaune kusa da alƙali yana taimakonsa da duba littattafai da rubuta hukunci. Saboda haka Malam Aminu bai tsinci zancen shari'a a bakin kasuwa ba. A zauren gidansu ya tashi yana jin yadda ake kawo ƙara, da yadda ake neman shaidu, da yadda ake rantsar da mutum. Ku riƙe wannan, domin nan gaba abokan hamayyarsa sun yi ta cewa wai shi maƙiyin shari'a ne, alhali kuwa ya fi yawancinsu sanin abin da littattafan suka ƙunsa.

Mahaifiyarsa Malama Rakiya mace ce mai karatu, a wurinta ya fara ɗaukar allo. Allah bai ba ta tsawon rai ba, ta rasu yana ɗan shekara 6, kakarsa ta ci gaba da riƙonsa da karatunsa. Ni dai a ganina nan ne tushen abin da ya sa har ya mutu bai taɓa yarda da masu cewa kan mace ba ya ɗaukar ilmi ba. Wanda mata biyu suka buɗe wa ido a karatu, da wuya a ruɗe shi da wannan zance.

Ya shiga makarantar Shahuci a 1930, daga nan Midil ta Kano, sa'an nan Kwalejin Kaduna, wadda daga baya ta zama Barewa, ya gama a 1942. A waɗannan shekaru ne wani abu ya faru a gidansu wanda ya tsaya masa a rai. Kujerar babban alƙalin Kano ta faɗi, ana ganin Malam Yusufu ya cancanta, amma aka tsallake shi aka ba wani. Saurayin ya fahimci cewa alƙali ba ilminsa kaɗai ke ɗora shi bisa buzu ba, sai fada ta yarda da shi. Wanda kuwa fada ta ɗora, fada ke iya sauke shi. Ya zauna ya rubuta wata 'yar ƙasida da Turanci mai zafi ƙwarai a kan mulkin En'e ta Kano, tun yana saurayi.

Aikin koyarwa ya kai shi Midil ta Bauchi. Can ya haɗu da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Sa'adu Zungur, suka riƙa shirya taron muhawara inda ake tambayar manya dalilin abin da suke yi, abin da ba a saba gani ba a lokacin. A 1946 aka tura shi Ingila ƙarin ilmin koyarwa a Jami'ar London. Da ya komo ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, daga bisani aka mai da shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru a lardin Sakkwato. Ran 8 ga Agusta 1950 waɗansu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda talakawa suka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Kafin shekarar ta ƙare Malam ya ajiye aikin gwamnati, da albashinsa da fanshonsa, ya komo gida ya shiga cikinsu. A 1953 suka zaɓe shi shugaba.

Yanzu bari in tsaya in bayyana muku yadda shari'a take a zamanin En'e, don in ba ku gane wannan ba, ba za ku gane abin da Malam ya yi ba.

A wancan zamani ƙasar Karaye, wadda ta haɗa har da Rogo, gunduma ce a ƙarƙashin En'e ta Kano. Akwai hakimi, ƙarƙashinsa dagatai, ƙarƙashinsu masu unguwa. Akwai alƙali a hedkwatar gunduma. To, En'e ce ke naɗa hakimin, ita ke naɗa alƙalin ta biya shi albashi. 'Yan dokan da za su kama mutum na En'e ne. Gidan wakafin da za a ajiye shi kafin shari'a na En'e ne, gidan yarin da za a kai shi bayan hukunci shi ma nata ne. A can ƙoli kuma Sarki yana da kotunsa, shi ne shugaban En'e, shi ne babban mai yanke hukunci. In rigimarka da maƙwabcinka ce, wannan tsari yana iya raba ku da gaskiya, kuma an yi alƙalai masu tsoron Allah da yawa, kada a ci musu zarafi. Amma in rigimarka da En'e ce kanta, ina za ka? Mai ƙararka shi ya kama ka, shi ke tsare da kai, yaronsa kuma ke yi maka shari'a. Lauya kuwa doka ba ta yarda ya sa ƙafa a kotun alƙali ba.

Beli a irin wannan hali sai abin da alƙali ya ga dama. Ko ya yarda ma, wa zai tsaya? Wanda ake karɓa a beli shi ne magidanci sananne, mai gida da gona, wanda mai unguwa zai shaide shi. Irin wannan mutum kuwa shi ne ya fi kowa abin da zai rasa. Yau ya tsaya wa ɗan NEPU, gobe a ƙara masa kuɗin haraji, jibi a ce gonarsa ta shiga burtali. Saboda haka sai mutum ya yi kwana da kwanaki a wakafi ba a ma fara sauraronsa ba. In da damina ne, gonarsa ta ci ciyawa, shekara ta lalace ke nan ko da daga baya an ce ba shi da laifi. In kuma hukunci ya yi nauyi a wuce da shi birni, zuwa Kurmawa ko Goron Dutse, daga Karaye tafiyar kwana biyu ko uku a ƙasa. Ku tuna da matar da aka bari da goyo, ba ta fita, ba ta san hanyar birni ba, ba ta da mai karanta mata takarda.

Laifuffukan da aka fi ɗaure 'yan Sawaba a kansu su ne yin lacca ba da izni ba, da zagin sarauta, da rashin ladabi ga manya. Iznin lacca a wurin En'e ake nema, ita da ake so a yi laccar a kanta. Rashin ladabi kuwa ba shi da iyaka, ƙin tuɓe takalmi ko ƙin faɗuwa a gaban hakimi ya isa. Hukunci ɗauri ne, ko tara, ko bulala a bainar jama'a, wani lokaci a haɗa. Shi kansa Malam bai tsira ba. A lokacin zaɓen 1954 an ɗaure shi kwana 3 don ya kafa tutar jam'iyyarsa a motarsa cikin birnin Kano, abin da ake ganin na Sarki da Razdan ne kaɗai.

Me Malam ya yi? Da farko dai ya koya wa talaka cewa hukuncin alƙali ba shi ne ƙarshen magana ba, ana iya ɗaukaka ƙara. Yau wannan ba labari ba ne, amma a ƙauyukanmu a 1952 mutane da yawa ba su taɓa jin haka ba. Jam'iyya ta riƙa yin karo-karo, kobo da sisi da sule, ana ɗauko lauyoyi, yawancinsu mutanen Kudu, su bi shari'ar har inda doka ta ba lauya damar magana. Ana rubuta sunan wanda aka kama, da ranar, da garin, da irin hukuncin, a aika wa Razdan da Gwamna a Kaduna, har Ingila, a kuma buga a jaridar Comet da ke fitowa a Kano. Gidansa ya zama kamar tasha, wanda aka sako can yake fara sauka, matar wanda aka ɗaure can take aika ɗanta da saƙo. Abin da ya fi ƙona wa manya rai kuwa shi ne, Malam bai yi musu gardama da littattafan Turawa ba. Da Alƙur'ani da hadisi da rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu ya riƙa nuna cewa Musulunci bai yarda a hukunta mutum ba shaida ba, bai kuma yarda alƙali ya zama bawan mai mulki ba. Abin da ya nema a fili yake: a raba alƙali da En'e, a rubuta laifuffuka da hukuncinsu kowa ya sani, a raba 'yan doka da gidan yari da hannun sarakuna.

Ba zan ɓoye muku ba, ba duk 'yan Sawaba ne suka yi koyi da halinsa ba. An yi samari masu baƙar magana waɗanda suka zagi dattawan da ba su ci musu ba ba su sha musu ba, an kuma yi doke-doke ta kowane gefe. Siyasar ta raba wa da ƙane, ta kashe aure ba ɗaya ba. Amma wanda ke da 'yan doka da kurkuku a hannunsa, alhakinsa ya fi na mai baki kawai nauyi.

A nan dole in ambaci Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933, ta shiga NEPU tana 'yar shekara 17. Ta zo Kano tana shiga gidaje tana yi wa matan kulle bayanin siyasa, aka kama ta, aka kai ta gaban alƙali, aka ɗaure, aka kuma kore ta daga ƙasar Kano. A lissafin da aka fi sani sau 16 tana shiga kurkuku. Ta sha duka, an aske mata kai. Ta rasu a 2001. Duk mai cewa gwagwarmayar nan ta maza ce, a tuna masa da ita, da kuma ɗaruruwan matan da ba a rubuta sunansu ba, waɗanda suka riƙe gidaje da kuɗin ƙuli-ƙuli da saƙar hula har mazansu suka fito.

Malam ya san cewa fid da mutum ɗaya daga wakafi bai hana a kama goma gobe ba. Dokar ce ke bukatar gyara, doka kuwa a majalisa ake yinta. Majalisar da ke da iko da kotunan alƙalai ita ce ta Jihar Arewa da ke Kaduna, can ya dosa. A zaɓen 1951 ba a jefa ƙuri'a kai tsaye ba, hawa hawa ake yi, waɗanda aka zaɓa a unguwa su zaɓi na gunduma, su kuma su zaɓi na lardi. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko cikin birni, amma a hawan ƙarshe doka ta ba En'e dama ta ƙara nata mutane, sai aka wayi gari ba ɗan Sawaba ko ɗaya daga Kano. A 1954 ya nemi majalisar tarayya, Alhaji Maitama Sule ya kayar da shi. A 1956 ya sake neman ta Kaduna, Alhaji Ahmadu Ɗantata ya kayar da shi. Har Jamhuriya ta farko ta faɗi bai zauna a majalisar Kaduna ba.

Sai a zaɓen Disamba 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas zuwa Majalisar Wakilai da ke Ikko, NEPU ta tashi da kujeru 8. To, a nan ne aka ga wuyar abin. NEPU ƙawar jam'iyyar NCNC ce ta Dokta Azikiwe, ita kuwa NCNC ta haɗa gwamnati da NPC, jam'iyyar Sardauna, wadda sarakuna ke mara wa baya. Sai ga Malam a Ikko yana mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati, yana zaune gefe guda da mutanen da magoya bayansu ke ɗaure nasa a gida. Bugu da ƙari, tun tsarin mulkin 1954 sha'anin kotunan alƙalai ya koma hannun jihohi, majalisar Ikko ba ta da ikon taɓa shi. Kujerar ta ba shi murya, ta kai shi har Majalisar Ɗinkin Duniya cikin wakilan Nijeriya, amma ba ta ba shi mabuɗin gidan wakafin Karaye ba. Waɗansu daga cikin mabiyansa sun yi gunaguni, suna ganin ya sami wuri ya yi sanyi. Ni ban ga laifinsu ba, wanda ke kwance a kurkuku ba ya jin daɗin labarin shugabansa a New York. Amma ban ga kuma wata ƙofar da ta rage masa ba, in ban da ya koma gida ya zauna babu kujera ko kaɗan. A zaɓen Jihar Arewa na 1961 kujera 1 tak NEPU ta samu, a 1964 shi ma ya rasa tasa.

Duk da haka an sami gyara a waɗannan shekaru, ko da yake ba shi kaɗai ya kawo shi ba. Ƙananan ƙabilu da waɗanda ba Musulmi ba sun kai kukansu gaban kwamitin Willink a 1957 da 1958, abin da ya sa aka shigar da babin haƙƙin ɗan Adam cikin tsarin mulkin 1960. Gwamnatin Sardauna kuma ta gayyato masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Babban Jojin Sudan Sayyid Muhammad Abu Rannat, shawararsu ta haifi kundin laifuffuka na Arewa da na hanyar gudanar da shari'a, waɗanda suka fara aiki a 1960. A ciki aka rubuta laifin da ake ba da beli a kansa da wanda ba a bayarwa. Wannan ci gaba ne babba, kuma a yaba wa gwamnatin da ta yi shi. Sai dai littafin ne sabo, mai riƙe da shi na jiya ne, har yanzu En'e ke biyansa.

Abin da Malam ya shekara 15 yana nema sai a hannun soja aka same shi. Bayan juyin mulkin 1966 aka soke kotunan sarakuna, a 1968 kotunan alƙalai suka koma ƙarƙashin gwamnatin jiha da sunan kotunan yanki, gidajen yari suka koma hannun tarayya, 'yan doka kuma aka narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya. A lokacin an riga an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, shi kuwa Malam yana cikin majalisar Janar Gowon, kwamishinan sadarwa daga 1967, sa'an nan na lafiya daga 1971 zuwa 1974. Mutumin da aka ɗaure don tutar mota, ga shi gwamnati da kanta ta ba shi mota.

Game da mu mata kuwa, ya fara da gidansa. Ya buɗe makaranta inda matan aure ke koyon karatu da rubutu da ɗinki, yana kafa hujja da Nana Asma'u 'yar Shehu. A tarurrukan tsarin mulki da aka yi a London a 1957 da 1958 NEPU ta nemi a ba matan Arewa ƙuri'a, NPC ta ce lokaci bai yi ba. Haka matan Kudu suka yi zaɓen 1959, namu suna gida. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka fara ba matan Arewa dama, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita. Malam yana cikin majalisar da ta tattauna wannan tsarin mulki a 1977 da 1978. Ku da kuke da katin zaɓe a cikin adaka, shekarunsa a hannun macen Arewa ba su kai na kakarki ba.

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978 ya kafa PRP mai alamar mabuɗi. Hukumar zaɓe ta so ta hana shi takara a kan takardun haraji, ya je kotu ya yi nasara. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 ya zo na 4 cikin mutum 5, amma Jihar Kano tasa ce, matan birni da ƙauye kuwa sun fito sun yi dogayen layuka. PRP ta ci gwamnan Kano, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, da na Kaduna, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa. Da hawansu suka soke haraji da jangali. Ku tambayi tsofaffi ma'anar wannan. Haraji shi ne ya fi kome kai talaka wakafi, shi ke sa magidanci ya gudu ci-rani ya bar iyali, shi ke sa a ɗaure mutum a rana a ƙofar dagaci har 'yan'uwa su sayar da hatsin da za a ci.

Daɗin bai daɗe ba. Jam'iyyar ta rabu biyu, 'yan Santsi suka bi gwamnonin, 'yan Taɓo suka tsaya tare da Malam. Yaran da ya rena suka riƙa jifansa da maganganu, shi ma nasa ɓangaren bai yi shiru ba. A 1981 aka tsige Balarabe Musa, a Kano kuma aka yi tarzomar 10 ga Yuli wadda a cikinta aka kashe Dokta Bala Muhammad. Ba na jin akwai abin da ya ci masa rai a ƙarshen rayuwarsa kamar wannan rabuwa. Duk da haka ya shirya tsayawa zaɓen 1983, ya ɗauki mace, Uwargida Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa. Bai kai ga zaɓen ba. Ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983 a gidansa na Gwammaja yana da shekara 62, bai bar wata dukiyar a zo a gani ba.

To, 'yar'uwa, yanzu mu komo kan maganar da na fara da ita. Cikin waɗanda ke gidajen yarin Nijeriya a 'yan shekarun nan, wajen kashi biyu cikin uku ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Watau gidan wakafi yana nan, suna ya sake. Amma doka yanzu tana gefenki, in kin san ta. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana 1 in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana 2. Belin ofishin 'yan sanda kyauta ne, ba a sayensa. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani, saboda haka ba a tafiya da mata don an rasa mijinta, ko uwa don an rasa ɗanta. Dokar gudanar da shari'ar laifi ta tarayya ta 2015 kuwa ta faɗa ƙarara cewa ba a hana mutum tsayawa beli don kawai shi mace ne. Jihar Kano ta yi tata dokar gudanar da shari'ar laifi a 2019.

Sai dai ki sani beli ba sa hannu ba ne kawai. Alkawari ne kika ɗauka cewa za ki kawo mutumin duk ranar da aka neme shi, in ya gudu kuɗin da aka rubuta a kanki za su faɗa. Kada ki tsaya wa wanda ba ki san gidansu da halinsa ba, kada kuma ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ba. In akwai 'yar makaranta a gidan, a tafi da ita ta karanta. Manyan laifuffuka irin na kisan kai kuwa babbar kotu ce kaɗai ke duba belinsu. Wadda ba ta da kuɗin lauya, akwai hukumar ba da taimakon lauya kyauta da gwamnatin tarayya ta kafa tun 1976, akwai kuma ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, duk suna da ofis a Kano.

Gidan Malam na Gwammaja, wanda ake kira Gidan Mambayya, yanzu yana hannun Jami'ar Bayero, an mai da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Ɗakunansa da kayansa suna nan an adana, kabarinsa kuma yana cikin gidan. Ku 'yan makarantar Karaye da Rogo, in an shirya muku ziyara birni, ku roƙi malamanku a biya da ku. Allah ya jiƙan Malam, ya jiƙan Hajiya Gambo, amin.